Shak ɗin gora: da gaske shak ne, ko tarwaɗar teku ce aka naɗa wa rawani?

Bakatsine_KL
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gardama ce ta kawo ni. Akwai wani kifi da ake sayarwa a kasuwannin nan Maleshiya, siriri dogo, bai cika mita ɗaya ba, yana da ɗan gashin baki, wutsiyarsa ta fi sauran jikinsa tsawo. Suna ce masa shak ɗin gora. Ni na ce wannan ba shak ba ne. Shak da muka sani in ya daina iyo mutuwa zai yi, haihuwa yake yi, haƙoransa kuma ba a magana. Wannan kuwa yini yake a kwance a ƙasan ruwa, ƙwai yake yi, wai har akwai ɗan'uwansa mai tafiya da fukafukai. A ganina tarwaɗar teku ce aka ba ta babban suna don ta yi kuɗi. Masana kifi na gidan nan, a raba mu.

Ummi_Gwale
Wa alaikumus salam. Kafin malamai su iso, ni dai ina bayanka. Shak da gashin baki? Haba dai.

MalaminKifi_Bussa
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bakatsine, masu kasuwar sun fi ka gaskiya. Kama da wane ba ta wane. Gashin bakin ne ya ɗauke maka hankali, alhali ba da shi ake gane dangin kifi ba.

In ka koma, ka roƙi mai teburin ya bar ka ka shafa bayansa daga wutsiya zuwa kai. Za ka ji kaushi yana kama maka tafin hannu, saboda fatar cike take da wasu 'yan ƙananan ɓawo masu ƙirar haƙori. Tarwaɗa kuwa santsi ce da yauƙi, ko riƙe ta sai wanda ya iya. Sannan ka leƙa gefen wuyansa. Tarwaɗa murfi ɗaya gare ta a kowane gefe, shi kuwa tsaga biyar ne a jere ba murfi, ta huɗu da ta biyar sun matse juna har za ka zaci huɗu ne. In an yanka shi a gabanka ka nemi ƙaya, ba za ka samu ba, duk guringuntsi ne. In namiji ne kuma, ka juya cikinsa za ka ga wasu 'yan sanduna biyu kusa da fukafukan baya, da su yake barbara. Tarwaɗa ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan.

Masana suna kiran danginsa Hemiscylliidae. Abin da zai ba ka mamaki, a babban rukuni ɗaya yake da ƙaton shak ɗin nan mai ɗigo-ɗigo da ya fi kowane kifi girma a duniya, wanda ke haura mita 12.

Bakatsine_KL
Malam, na gode. Amma maganar iyo fa? Tun muna sakandare ake cewa shak ba ya tsayawa.

Dr_Rabi_Samaru
Ƙanena, wannan maganar rabin gaskiya ce. Nau'o'in shak sun haura 500, waɗanda dole sai suna tafe baki buɗe ruwa na ratsa tsagogin wuyansu kafin su sami iska 'yan kaɗan ne, irin su farin shak da wani da ake kira mako, masu yawo a tsakiyar teku. Su aka fi ɗauka a hoto, shi ya sa aka yi wa sauran kuɗin goro. Na ƙasan ruwa kuwa da tsokar baki suke zuƙo ruwa su tura shi ta tsagogin. Shak ɗin gora yana da ƙarin wata 'yar kafa babba a ƙasan kowane ido wadda yake jan ruwa ta nan, don haka ko bakinsa na cikin yashi numfashinsa bai tsaya ba.

Haihuwa ma haka. Wasu haihuwa suke yi, wasu ƙwai. Kusan kashi 40 cikin 100 na shak da danginsu masu ƙwai ne.

ƊanMaraɗi
Ni tambayata ɗaya ce: ana ci?

Abu_Sumayya
ƊanMaraɗi ka iso wurin. A Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, ka duba aya ta 96 a Suratul Ma'ida. Saura kuma daɗi, wannan sai waɗanda suka ɗanɗana.

Bakatsine_KL
Ana ci sosai, 'yan Maleshiya da mutanen Tailan da Filifin duk suna ci. Sai dai in ya kwana yana wani irin wari mai hawa kai.

Dr_Rabi_Samaru
Warin daga sinadarin yuriya ne, wanda muke fitarwa a fitsari. Shak yana tara shi a jini da tsoka don ruwan gishiri kada ya tsotse masa ruwan jiki. In ya mutu ya jima sai sinadarin ya rikiɗe ya fara wari. Ga wata shaidar kuma cewa shak ne.

Ummi_Gwale
To Anti, kin gama kashe min sha'awarsa.

Sani_Sharja
Mu ma nan Tekun Fasha muna da namu, Chiloscyllium arabicum, launin ƙasa ba zane, ƙarami ne bai kai na Maleshiya ba. Masunta ba su ɗauke shi da daraja ba, yana shiga ragar jatan lande ne ba don shi aka fita ba. Na ga ana juye raga a kwalekwale, sauran kifaye sun daɗe da yin shiru, shi kuwa yana nan yana lanƙwasa jiki yana tura kansa a kan katako da fukafukan gaba, dama, hagu, dama, har ya samu lungu ya cusa kai. Taurin ransa ya wuce misali.

Bakatsine_KL
Wannan na yarda, na kasuwa ma wasu da ransu ake ajiye su a tebur.

MalaminKifi_Bussa
An rubuta cewa mai zanen ruwan ƙasa, Chiloscyllium punctatum, yana iya kai awa 12 a wajen ruwa bai mutu ba, matuƙar jikinsa bai bushe ba.

Gwanin_Argungu
Ranka ya daɗe Malam, to ai wannan ba abin kai labari ba ne. Gaiwarmu fa? Ruwa ya janye ta shige taɓo, ta yi wata da watanni a ciki, sai damina. Tarwaɗa ma da dare tana jan ciki daga wannan kududdufi zuwa wancan in ƙasa da laima. Don dai abin na Turawa ne shi ya sa ake ta yayata shi.

MalaminKifi_Bussa
Gwani, gaiwa gwana ce, ba mai ja. Amma ba dabara ɗaya ba ce. Gaiwa huhu gare ta, iska take shaƙa kamar ni da kai. Tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa a saman tsagar wuyanta da ke ɗaukar iska. Shak ɗin nan ba shi da ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne jurewa.

Wanda aka fi bincika shi ne Hemiscyllium ocellatum, mai baƙin tabo babba zagaye da fari a bayan fiffiken gaba. Yana zaune a duwatsun murjani na arewa maso gabashin Ostareliya da kudancin Niyu Gini, kuma yawancin binciken a tsibirin Heron na Ostareliya aka yi shi. Can in teku ta janye da dare, sai ruwa ya rage a 'yan ramuka tsakanin duwatsu. Murjani da ƙaguwa da duk abin da ke ramin suna ta shan iskar oksijin ɗin da ke ciki, ba rana balle tsirrai su mayar, kafin asuba sai ta kusa ƙarewa. Manyan kifaye sun gudu tun da wuri. Shi kuwa sai ya rage bugun zuciya, jininsa ya sauka, ya kashe aikin wasu sassan ƙwaƙwalwa da ba ya buƙata a lokacin. A gwaji ya yi kusan awa ɗaya a ruwan da babu oksijin ko kaɗan ya farfaɗo lafiya. Mutum minti kaɗan ne ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa. Kuma sauran dabbobin da aka sani da wannan juriya, irin wasu kunkurun ruwa, a cikin sanyi suke yinta lokacin da jiki ba ya buƙatar komai. Shi a ruwa mai ɗumi yake yi. Shi ya sa masu binciken shanyewar ɓarin jiki suka sa masa ido.

Ladan wahalar kuma, ramin ya zama nasa shi kaɗai. Ƙaguwa da tsutsa da jatan lande sun galabaita, ba inda za su. In ya gama da wannan ramin ya taka zuwa na gaba, ko da kuwa sai ya bi ta kan dutsen da ruwa bai rufe ba.

Gwanin_Argungu
Na ji bayani. Amma a haɗa su gasar zama ba ruwa, gaiwa ce za ta ɗauki kofi.

MalaminKifi_Bussa
Wannan kam ba musu.

MamanKhalil
Ku dakata, ni maganar ƙwan ce ta tsaya min. Wane irin ƙwai? Irin na tarwaɗa mai yawa ɗin nan?

Dr_Rabi_Samaru
A'a Maman Khalil. Bibbiyu take sakawa, kowanne a cikin wata jaka mai tauri launin ruwan ƙasa, tsawonta kusan tafin hannu, da wasu zare-zare a gefe da ke maƙalewa a dutse ko ciyawar ruwa. Ta saka ta yi gaba abinta, ba kwanci ba gadi. In kika ɗaga jakar a gaban fitila za ki hango ɗan a ciki, siriri, yana ta kaɗa wutsiya, cibiyarsa a haɗe da ƙatuwar gwaiduwa. Kullum gwaiduwar na raguwa shi yana girma. Bayan wata uku zuwa huɗu sai ya fito, kusan santimita 15, ya fara farauta da kansa.

Kaɗa wutsiyar nan ba wasa ba ne, ruwa yake shigo da shi cikin jakar don ya sami iska. A 2013 masu bincike a Jami'ar Yammacin Ostareliya suka gwada wani abu: suka kunna ɗan lantarki mai rauni kusa da jakar, daidai da wanda jikin kifi mai neman abinci ke fitarwa. Nan take ɗan ya tsaya cak, ya naɗe wutsiya, har numfashi ya dakatar. Tun bai ga duniya ba ya san maƙiyi.

Injiniya_Bala
Anti Rabi, kenan shi ma yana da wuta irin ta minjirya?

Dr_Rabi_Samaru
Minjirya bayarwa take yi, shi ji kawai yake yi. Akwai 'yan ramuka cike da wani ruwa mai kauri a kewayen hancinsa, da su yake jin lantarkin da tsokar kowace dabba ke fitarwa. Haka yake gano ƙaguwar da ta binne kanta a yashi cikin duhu. Sai ya kafa baki ya zuƙe ta. Haƙoran ma da dabara: in abu mai laushi ne suna tsaye su riƙe shi, in mai ɓawo ne sai su kwanta su zama faranti ya murƙushe.

Zangon_Kumasi
Ni abin da na karanta ya fi duk wannan. Wai macen tana iya samun 'ya'ya ba namiji.

MamanKhalil
Kazata ma tana ƙwai ba zakara, amma ko shekara ta yi a kansa ba ya ƙyanƙyashewa. A dai bincika.

Abu_Sumayya
Subhanallah. A yi hattara da irin waɗannan labaran. Wa ya tabbatar ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba kafin a kawo ta?

Dr_Rabi_Samaru
Malam Abu Sumayya, tambayarka ita ce ainihin tambayar da masanan suka yi, domin abubuwa biyu ne kuma duka suna faruwa a wannan dangin.

Na farko, ajiya. A gidan kifaye na Steinhart da ke San Faransisko wata mace mai zanen ruwan ƙasa ta saka ƙwai ya ƙyanƙyashe bayan wata 45 rabonta da namiji. Da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta sai aka ga ɗan yana da gadon uba. Wato maniyyin ta ajiye a jikinta kusan shekara huɗu. An wallafa wannan a 2015.

Na biyu shi ne wanda Zangon_Kumasi ya faɗa. A 2002 a gidan kifaye na Belle Isle da ke Ditroit, ƙwan wata mace mai farin ɗigo, Chiloscyllium plagiosum, ya ƙyanƙyashe alhali ba namiji a tankin. Sai a 2010 gwaji ya fito ya nuna babu gadon uba ko kaɗan a jikin 'ya'yan, duk na uwa ne. Lokacin da ƙwai ke samuwa a cikin mace akwai wani ɗan guntu da ke saura, a irin wannan hali sai ƙwan ya haɗe da guntun nan a madadin maniyyi. A Karlsruhe ta Jamus har an ga wadda aka samu ta wannan hanya ita ma ta sami nata ta wannan hanya. Maman Khalil, a talotalo ma an san haka yana faruwa jefi-jefi. Amma ba abin so ba ne ga dabbar, 'ya'yan da yawa ba sa yin ƙwari tunda gadon ɓangare ɗaya ne.

Abu_Sumayya
Allah mai iko. Yana halittar abin da ba mu sani ba.

Alhaji_Nasarawa
Jama'a a bar dogon Turanci. Ina da tankin gilashi a falo, kifin ado nake sawa. Zan iya kawo wannan Kano? An ce ana sayar da ƙwan ma.

Injiniya_Bala
Alhaji, ka fara tanadar sola da batir mai kyau tukuna.

MalaminKifi_Bussa
Alhaji, ana sayarwa, kuma cikin duk shak su suka fi zama a tanki, amma ban ba ka shawara ba. Ɗan da ka saya tsawon yatsa biyu zai tashi kusan mita. Yana son fili a ƙasa fiye da zurfi, ka lissafa tankin da ya haura lita 1,000. Ruwan gishirin teku ne wanda sai ka haɗa da gishiri na musamman, ba na miya ba, kana aunawa kullum. Yashin ƙasa mai laushi, don tsakuwa tana ƙuje masa ciki ya yi gyambo. Maganin kifi mai sinadarin tagulla da ake zuba wa kifin ado yana cutar da shi. Ga zafin Afrilu. Kuma kyan da ya ruɗe ka ba ya ɗorewa: jaririn mai zanen ruwan ƙasa zanen baƙi da fari gare shi raɗau, masana suna ganin kwaikwayon macijin teku mai dafi ne don a ji tsoronsa, amma yana girma zanen na dushewa har ya koma launin ƙasa kawai. Ga shi da rana ɓuya yake. Baƙinka za su zo su ga dutse.

Alhaji_Nasarawa
To Malam, a bar kaza cikin gashinta. Na haƙura.

Hamadu_Garwa
Gaisuwa daga Kamaru. Naga ana ta zuwa Ostareliya, alhali muna da ɗan'uwan shak a Binuwai. Kunamar ruwa. Faffaɗa ce, tana kwanciya a yashi, da ƙaya mai dafi a wutsiya, ita ma guringuntsi ce ba ƙashi. Sunanta na kimiyya ma daga garinmu aka ɗauko shi, garouaensis. Tsofaffin masunta suna cewa a da tana da yawa, yanzu sai a daɗe ba a kama ba.

MalaminKifi_Bussa
Madalla Malam Hamadu. Wannan ita ce mafi kusa da shak a ruwayenmu. Shak ɗin gora kansa babu shi a gaɓar Legas ko Tema ko Duwala, na Tekun Indiya ne da yammacin Fasifik.

Ummi_Gwale
Wai su nau'i nawa ne? Kowa sai ya ambaci wani suna daban, kaina ya ɗaure.

Dr_Rabi_Samaru
Gida biyu ne, Ummi. Gidan Chiloscyllium su ne na kasuwar Bakatsine da ragar Sani, sun bazu daga Tekun Fasha, Indiya, Tailan, Indonesiya har Japan. Bakwai ne da kowa ya yarda da su, akwai na takwas mai shuɗin ɗigo daga Madagaska da ake jayayya ko nau'i ne mai zaman kansa. Gidan Hemiscyllium su ne gwanayen tafiya, su tara a ƙidayar 2020, dukkansu a kewayen Niyu Gini da arewacin Ostareliya da gabashin Indonesiya.

Taran nan su suka fi ba ni sha'awa. Kusan kowanne da unguwarsa: ɗaya a Raja Ampat, ɗaya a mashigin Cenderawasih, ɗaya a mashigin Triton, ɗaya a Milne, ɗaya a Halmahera wanda sai a 2013 aka bayyana shi. Da zanen jiki ake bambance su. Dalilin rarrabuwar kuwa a fili yake. Ƙwansu a maƙale yake a dutse, igiyar ruwa ba ta ɗaukarsa zuwa wani tsibiri kamar ƙwan sauran kifaye. Babban kuma ba ya ƙetare ruwa mai zurfi. Inda aka ƙyanƙyashe shi nan zai tsufa. In ruwa mai zurfi ko bakin babban kogi ya raba jama'a biyu, shi ke nan kowa ya kama gabansa. Binciken da Christine Dudgeon da abokan aikinta suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gidan ya fara rarrabuwa kimanin shekara miliyan 9 da suka wuce, wanda a lissafin shak jiya-jiya ne.

Wannan zaman wuri ɗaya kuma shi ne hatsarinsu. A lalata murjanin mashigi guda, an taɓa nau'i sukutum. Indonesiya ta sa nata cikin cikakkiyar kariyar doka a 2023.

Zangon_Kumasi
Na Cenderawasih ɗin ma gwanjon sunansa aka yi a Monako a 2007 don tara kuɗin kare tekun yankin. Wanda ya saya, Jeffrey Gale, shi aka sa wa: Hemiscyllium galei. Mai kuɗi har a ƙarƙashin teku.

Abu_Sumayya
Shekara miliyan 9 ɗin nan wa ya ƙirga? Kada a shigo mana da wata aƙida ta bayan gida.

Shugaban_Zaure
Malam Abu Sumayya, wannan muhawarar mun yi ta a baya har ta kai ga cire mutane. Mai so ya buɗe mata nata zaren. Nan maganar kifi ake.

Sani_Sharja
Abin da nake tunani shi ne zafi. Tekun nan namu da bazara kamar an dafa. In har suna jure rashin iska haka, ai ɗumamar yanayi ba za ta dame su ba.

Dr_Rabi_Samaru
Babba yana jurewa, ƙwai ne matsalar. A wani gwaji da aka fitar a 2021, an rena ƙwan mai baƙin tabo a ruwa mai zafin digiri 27 da kuma 31. Na 31 sun cinye gwaiduwarsu da sauri, suka fito a kusan kwana 100 maimakon kusan 125, ƙanana kuma a gajiye.

Bakatsine_KL
Na koma kasuwar, na shafa, akwai kaushi, tsaga biyar ne, Malam. Guringuntsi ma na gani. A takarda shak ne, ban ja ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa in ka ce wa mutum "ga shak" ka nuna masa wannan, ka yaudare shi. Kuma maganar tafiya an zuzuta ta. Jan ciki ne da taimakon fukafukai.

Gwanin_Argungu
Yawwa. Abin da tarwaɗa ke yi kenan.

MalaminKifi_Bussa
Ba ɗaya ba ne. Tarwaɗa ƙayar fiffikenta take kafawa ta yi ta bulala da wutsiya. Shi fukafukai huɗu yake amfani da su, na gaban dama tare da na bayan hagu, sannan ya sauya, kuma a ƙarƙashin ruwa ma haka yake yawo ko da yana da damar yin iyo. Na kasuwarku ba su kai na Niyu Gini iyawa ba, kada ka yi hukunci da su.

Ummi_Gwale
Cikinsa yana taɓa ƙasa ko ba ya taɓawa? In yana taɓawa ni a wurina rarrafe ne.

Injiniya_Bala
Ƙadangare ma cikinsa na taɓa ƙasa, Ummi, kuma ba ki taɓa cewa ba ya tafiya ba.

ƊanMaraɗi
Bakatsine, nawa kilo?